Zumunci a Ƙafa Yake: Yadda Masana Ke Nema wa Mai Gudu Shi Kaɗai Abokin Tafiya

Da Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, ziyara yake nufi, watau mutum ya taka ya je inda ɗan'uwansa yake. To, sai ga wasu masana a ƙasashen Ostareliya da Amurka da Ingila sun shafe shekaru suna ƙoƙarin cika wannan magana ta wata fuska dabam. Burinsu shi ne mutum ya fita sassarfa da asuba shi kaɗai a kan hanyar garinsu, amma ya riƙa jin muryar abokinsa a gefensa, ko ma ya riƙa ganin siffarsa tana gudu a gabansa, alhali kuwa abokin yana can wata ƙasa mai nisan dubban kilomita, shi ma yana nasa gudun.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai wasan 'ya'yan masu hali ne. Da gaskiyarsa, amma matsalar da ta jawo binciken ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya riƙa samun kamar minti 60 na motsa jiki a kowace rana, babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako. A shekarar 2019 aka fitar da sakamakon wani bincike da ya ƙunshi ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, inda aka gano cewa kashi 81 cikin 100 na matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ƙa'ida. Gudu kuwa shi ne motsa jiki mafi araha, domin ba ya bukatar ƙwallo ko raga ko kuɗin shiga. Babbar illarsa ita ce kaɗaici. Mutane da yawa sukan fara shi da zafi-zafi, su yi mako biyu ko uku, sa'an nan ranar da sanyi ya tsananta ko barci ya yi daɗi, tun da babu mai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce a fito, shi ke nan sai labari ya ƙare.

Mene ne ƙari kan zahiri?

Fasahar da ake son a magance wannan kaɗaici da ita ana iya kiranta da Hausa ƙari kan zahiri. Ma'anarta ita ce na'ura ta ɗora wani hoto ko wani sauti da kwamfuta ta ƙirƙira a kan abin da mutum yake gani ko yake ji, ba tare da ta rufe masa duniyar da yake ciki ba. A nan ta bambanta da 'yar'uwarta, wadda take rufe idanun mutum gaba ɗaya ta jefa shi cikin wata duniyar kwaikwayo. Mai gudu a kan titi ba zai yiwu a rufe masa ido ba, dole ne ya ga rami da mota da akuya. Sharaɗin fasahar shi ne abin da aka ƙara ya zauna a wani wuri takamaimai, gaba ko baya, dama ko hagu, ya kuma canza nan take da zarar mutum ya motsa.

Ba sabon abu ba ne kamar yadda ake zato. Tun a shekarar 1968 wani masani ɗan Amurka mai suna Ivan Sutherland ya ƙera wani tabarau da ke nuna zanen layuka suna shawagi a cikin ɗaki, sai dai kayan aikinsa sun yi nauyin da sai an rataye su a rufin ɗakin. A farkon shekarun 1990 kuma Tom Caudell, injiniya a kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing, ya laƙaba wa fasahar sunan da aka san ta da shi a Turance, lokacin da yake neman hanyar nuna wa ma'aikata inda za su bi da wayoyin lantarki. Abin da ya sauya tun daga nan shi ne kayan sun ƙanƙance, har sun shige aljihu.

Jiki ya san yana da aboki

Kafin a shiga maganar tabarau da wayoyi, ya kamata a fara tambaya: shin da gaske aboki yana canza wani abu a jikin mai gudu, ko kuwa hira ce kawai take rage masa tsawon hanya?

Wanda ya fara ɗaukar wannan tambaya da muhimmanci shi ne Norman Triplett na Jami'ar Indiana a Amurka, a shekarar 1898. Ya duba bayanan tseren keke, ya ga cewa masu tuƙi sun fi sauri idan akwai mai ja-gaba a gabansu ko abokin karawa a gefensu. Ya san cewa wani ɓangare na wannan bambanci daga iska yake, domin na gaba yana tare wa na baya ita. Saboda haka sai ya shirya gwajin da babu iska a cikinsa. Ya tara yara 40, ya sa su naɗe zare da irin abin naɗe zaren fatsa, wani lokaci kowa shi kaɗai, wani lokaci biyu-biyu. Yara 20 sun ƙara sauri da suka ga abokin karawa, 10 ba su canza sosai ba, 10 kuma sun rikice har suka rage sauri. Waɗanda suka sake duba alƙalumansa a zamanin nan sun ga bambancin bai kai yadda littattafai suke zuzutawa ba, amma waɗannan yara goma da suka rikice abin tunawa ne ga duk malamin wasanni: ba kowa ne gasa take yi wa amfani ba.

Masu tsere sun daɗe da sanin amfanin mai ja-gaba. Ranar 6 ga Mayu, 1954, a birnin Oxford na Ingila, wani ɗalibin likitanci mai suna Roger Bannister ya zama mutum na farko da ya gudu mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu, amma abokansa biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, su ne suka ja shi har zagayen ƙarshe. Ranar 12 ga Oktoba, 2019, a birnin Vienna na Ostiriya, Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya gama gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Masu ja-gaba 41 ne suka yi ta karɓeɓeniya a kewayensa, ga kuma mota a gaba tana zana layukan koren haske a kan kwalta domin kowa ya san inda ya kamata ƙafarsa ta kasance. Saboda waɗannan taimako ba a ƙidaya gudun cikin bajintar da hukuma ta amince da ita ba. Shekara guda bayan haka, ranar 7 ga Oktoba, 2020, Joshua Cheptegei ɗan Yuganda ya kafa sabon tarihi a tseren mita 10,000 a birnin Valencia na Sifen, cikin minti 26 da daƙiƙa 11, yayin da wasu fitilu da aka jera a gefen fili suke kunnuwa ɗaya bayan ɗaya da saurin da ake son ya bi.

Fitila dai ba ta tare iska, ba ta kuma yin hira. Me take yi ke nan? Masana ilimin aikin jiki da yawa suna ganin cewa gajiya ba a tsoka kaɗai take ba. Ƙwaƙwalwa tana karɓar saƙonni daga zuciya da huhu da tsoka da zafin jiki, tana auna su da sauran nisan da ya rage, sa'an nan ta yanke yawan ƙarfin da za a kashe, kuma kusan kullum sai ta ɓoye wani abu saboda tsaro, kamar uwargidan da ba ta yarda a ga gindin rumbu. Abin bi a gaba yana sauke mata nauyin wannan lissafi, yana kuma janye hankali daga raɗaɗin cinya. A shekarar 2012 masana a Jami'ar Portsmouth ta Ingila sun sa matuƙa keke tseren mita 2,000 a kan keken ɗakin gwaji, suna kallon hoton wani abokin karawa a allo. Matuƙan sun ɗauka wani mutum ne a bayan labule, alhali kuwa hoton yana maimaita gudunsu ne mafi kyau da suka yi a baya. Suka yi sauri fiye da duk abin da suka yi su kaɗai. Ashe ƙarfin yana nan, dalilin fito da shi ne babu.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ban sha'awa ga ɗalibin ilimin halittu. A shekarar 2010 Emma Cohen da Robin Dunbar da abokan aikinsu suka wallafa gwajin da suka yi da matuƙa kwalekwale 12 na Jami'ar Oxford. An sa su atisaye na minti 45 a kan injin koyon tuƙi, wani lokaci kowa shi kaɗai, wani lokaci shida-shida suna ja tare kamar a cikin jirgi guda. Kafin atisaye da bayansa, sai a ɗaura musu abin awon hawan jini a dantse, a hura shi har sai mutum ya ce ya fara jin ciwo. Juriyarsu ta ƙaru a dukkan halayen biyu, amma ƙaruwar da aka samu bayan tuƙin tare ta kusan ninka ta tuƙin kaɗaici, ko da yake aikin da tsoka ta yi kusan ɗaya ne. Masanan sun danganta haka da endofin, watau sinadaran da jiki ke fitarwa da kansa masu dusashe ciwo. Ba su auna endofin kai tsaye ba, juriyar ciwo suka ɗauka a matsayin alamarsa, don haka a riƙe bayanin da sassauci. Duk wanda ya taɓa ganin aikin gayya, samari sun jera a kunya, makaɗi yana binsu, fartanyu suna sauka lokaci guda, ba zai yi mamakin sakamakon ba.

Kunne ya riga ido

Abin mamaki, ƙoƙari mafi hikima a wannan fanni bai nemi ido ba ko kaɗan. Wajen shekarar 2007 Florian Mueller da abokan aikinsa a Ostareliya suka lura cewa masu sassarfa da yawa ba don tsere suke fita tare ba, don hira ce, kuma idan ɗaya ya yi ƙaura zuwa wani gari, na biyun yakan daina. Sai suka haɗa mutum biyu da ke wurare dabam ta wayar hannu, kowa da abin sauraro a kunne. Idan a nan aka tsaya, buga waya ne kawai. Hikimar ita ce muryar abokin tana da wurin zama: in ya fi ka sauri, sai ka ji ta tana fitowa daga gabanka, in ka fi shi, sai ta koma bayanka, in kun daidaita, sai ta dawo gefenka.

A shekarar 2010 suka bayyana wani gwaji da aka yi tsakanin masu gudu a Turai da abokansu a Ostareliya, wani yana gudun safe, wani na dare. A wannan karo sun bar auna sauri, suka koma auna bugun zuciya. Kowa yakan zaɓi adadin bugun da yake son ya riƙe, na'urar kuma ta riƙa kwatanta kowa da nasa ma'aunin. Wanda ya fi matsa wa kansa shi ne a gaba, ko da kuwa a ƙasa tafiyar hawainiya yake yi. Ta haka dattijo zai iya gudu kafaɗa da kafaɗa da ɗansa matashi, mai hawa tudu kuma ba zai zama koma-baya ga mai gangara ba. A nan na'ura ta yi abin da ko hanya ɗaya aka bi ba zai samu ba, domin a zahiri mai sauri dole ya jira, ko marar sauri ya wahala.

Yaya ake sa murya ta zauna a wani wuri? Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar kwatanta abin da kunnuwa biyu suka ji. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka wanda ya taso daga dama yakan riga isa kunnen dama da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, yakan kuma fi ƙarfi a can domin kai ya tare wa kunnen hagu. Kwamfuta tana iya kwaikwayon wannan cikin sauƙi. Wahalar tana wajen gaba da baya, domin sautin da ya fito daga gaba sak da wanda ya fito daga baya sak duk lokaci guda suke isa kunnuwan biyu. Abin da ke taimakon mutum a nan shi ne lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne, waɗanda suke ɗan canza launin sauti, da kuma ɗan juya kai da yakan yi ba tare da ya sani ba. Ana iya gwada wannan a aji: a ɗaure wa ɗalibi ido, ya tsayar da kansa cik, a tafa hannu a gabansa sa'an nan a bayansa, a ƙidaya sau nawa zai yi kuskure. Ga shi kuwa gaba da baya su ne ainihin abin da mai gudu yake son sani game da abokinsa.

Wasu sun bi hanyar tatsuniya. A shekarar 2012 kamfanin Six to Start na Ingila da marubuciya Naomi Alderman suka fitar da manhajar waya mai suna Zombies, Run!, wadda take saka mai gudu cikin wani labari ta kunne, muryoyin mutanen wani gari suna yi masa magana, lokaci-lokaci kuma ya ji gurnanin dodanni a bayansa, dole ya ƙara sauri. A wannan shekarar ce kuma ɗakin binciken Mueller a Jami'ar RMIT da ke Melbourne ya nuna Joggobot, wani ɗan jirgi marar matuƙi mai farfela huɗu da ke shawagi a gaban mai gudu, yana gane shi ta wata alama a rigarsa. Abin kallo ne, amma da wuya a kira jirgi aboki.

Wahalar yaudarar ido

Tabarau mai nuna abokin gudu shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a. A shekarar 2020 wasu ɗaliban sakandare a birnin Seattle na Amurka, 'yan wasan gudu a makarantarsu, suka fito da wani tabarau mai suna Ghost Pacer, wanda aka tsara domin ya nuna siffar mutum tana gudu a gaban mai sanye da shi, da saurin da ya zaɓa ko kuma tana maimaita gudun da wani ya riga ya yi. Ɗaliban da ke karanta wannan mujalla su lura: tsararsu ne suka yi wannan.

Sai dai zana mutum a kan titi yana da wuya fiye da zana shi a allo, kuma dalilan suna cikin jikin ɗan'adam. Da farko dole na'urar ta san inda mai gudu yake. Tana samun wannan daga taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda suke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma tana bukatar saƙo daga aƙalla huɗu daga cikinsu. Wayar hannu a fili takan yi kuskuren kusan mita 5, kuskuren kuma yakan ƙaru a tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin itatuwa. Ga mai neman hanyar kasuwa mita 5 ba komai ba ne. Amma idan ana son abokin ya tsaya mita 3 a gabanka, kuskuren mita 5 yana nufin zai riƙa tsalle, yanzu yana gaba, an jima yana cikin kwata. Dole ne a haɗa da wasu ƙananan ma'aunai da ke jin motsi da juyawar kai domin a gyara lissafin.

Na biyu, ido ba ya yafe jinkiri. A can cikin kowane kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu siffar baka, cike da ruwa. Da zarar kai ya juya, ruwan yakan ɗan yi nawa, ya tanƙwara wasu ƙananan gasu, saƙo ya tafi ga tsokokin ido, idon ya juya ta ɗaya ɓangaren daidai gwargwado. Duk wannan yana faruwa cikin kimanin kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa, kuma yana daga cikin martani mafi sauri a jikin mutum. Mai karatu ya gwada: ya riƙe wannan shafi cik, ya riƙa girgiza kai, zai ga yana iya karatu. Sa'an nan ya tsayar da kai ya girgiza shafin da irin wannan sauri, rubutun zai dagule. To, mai gudu yana taka ƙasa kusan sau uku a kowace daƙiƙa, kansa yana hawa yana sauka, amma titi ba ya rawa a idonsa saboda wannan martani. Hoton da ke cikin tabarau kuwa tare da kai yake motsi, saboda haka dole kwamfuta ta sake zana shi a sabon wuri a duk motsi. Injiniyoyi suna neman kada jinkirin ya wuce kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa. In ya wuce, hoton yakan yi ta iyo a kan titi, abin da ido ya gani ya saɓa wa abin da kunnen ciki ya ji, daga nan sai jiri da tashin zuciya, irin na mai karatu a cikin mota. A ƙara da hasken rana da ke disashe hoton, da gumi, da nauyin batir a kan karan hanci.

Aboki na gaske da na ƙarya

A ce an shawo kan duk waɗannan. Shin siffar da kwamfuta ta zana za ta yi aikin aboki?

A shekarun 1920 wani Bajamushe mai suna Otto Köhler ya yi gwaji da 'yan ƙungiyar tuƙin kwalekwale a Berlin, ya sa su ɗaga nauyi su kaɗai, sa'an nan biyu-biyu suna riƙe da ƙarfe guda, yadda in ɗaya ya saki aikin ya tsaya. Ya ga cewa mafi rauni a cikin biyun yakan jure fiye da yadda yake yi shi kaɗai, musamman idan abokin ya fi shi da kaɗan ne, ba da tazara mai karya zuciya ba. Ba ya son a ce shi ne ya kayar da tafiyar. Deborah Feltz da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Michigan sun maimaita irin wannan gwaji da abokan da ake gani a allo, kuma a shekarar 2014 suka ba da rahoton cewa abokin da kwamfuta ta ƙirƙira ya fi babu, amma ƙarin juriyar ya fi yawa a wurin waɗanda aka gaya musu cewa mutum ne na gaske a ɗaya ɓangaren. Mutum ba ya jin kunyar zane.

Wani bincike ya ƙarfafa wannan ta wata hanya. A shekarar 2017 Sinan Aral da Christos Nicolaides na cibiyar MIT a Amurka suka nazarci bayanan masu gudu miliyan 1.1 na tsawon shekara biyar, waɗanda suke ganin gudun abokansu ta intanet. Matsalar irin wannan nazari ita ce masu son gudu da ma su suke abota da juna, don haka ba a san wa ya ja wa ba. Dabarar da suka yi ita ce amfani da yanayi: idan rana ta yi kyau a garin wani har ya ƙara gudu, shin abokinsa da ke wani gari mai yanayi dabam shi ma zai ƙara? Suka ga yana ƙarawa, kimanin mita 300 a kan kowace kilomita guda da abokai suka ƙara. Sun kuma ga cewa marasa ƙwazo sun fi zaburar da masu ƙwazo, watau tsoron kada na baya ya cim ma mutum ya fi kwaɗayin cim ma na gaba ƙarfi.

Kwatanta wannan da wasan Pokémon GO, wanda ya fito a watan Yuli na 2016, ya fitar da miliyoyin mutane kan titi suna farautar dabbobin zane da wayoyinsu. Masana a Jami'ar Harvard sun bi sawun matasa sama da dubu a Amurka, suka ga masu wasan sun ƙara taku 955 a rana a makon farko. Kafin mako na shida ƙarin ya ɓace. Sabon abu yana da zaƙi, amma zaƙinsa ba ya daɗewa. Idan aka haɗa waɗannan sakamako, abin da ya fi kama hankali shi ne kyan hoton ba shi ne jigo ba. Abin da ke fito da mutum daga shimfiɗa shi ne sanin cewa wani mai rai ya ɗaura takalmi yana jiransa. Na'urar da ta isar da wannan mutum, ko da muryarsa ce kawai da numfashinsa, ta fi wadda ta maye gurbinsa da gunki.

Abin da ake biya

Hankalin ɗan'adam ba ya rabuwa biyu yadda ake zato. A shekarar 2011 Christopher Chabris da abokan aikinsa suka sa ɗalibai su bi wani mai gudu a harabar wata kwaleji a jihar New York, suna ƙidaya sau nawa ya taɓa kansa. A gefen hanya an shirya mutum uku suna faɗan ƙarya, da ihu da duka. Da dare kashi 35 cikin 100 ne kawai suka lura da faɗan. Da rana tsaka ma kashi 56 ne. Idanunsu a buɗe suke, babu abin da ya tare su, amma hankali yana kan wanda ake bi. Wanda yake bin siffa a cikin tabarau yana cikin irin wannan hali, kuma babur ba ya jiran a lura da shi. Toshe kunnuwa biyu ma yana da nasa haɗari, shi ya sa wasu suke amfani da abin sauraron da ke aika sauti ta ƙashin gefen fuska ya bar ramin kunne a buɗe.

Sai kuma batun sirri. Na'urar da za ta haɗa ka da aboki dole ta san inda kake a kowace daƙiƙa. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa, mai nuna hanyoyin da masu gudu suke bi, ta tona wuraren sansanonin soja a ƙasashe irin su Afghanistan da Siriya, domin sojoji suna zagaye su da wayoyinsu. In haka ta faru da soja, to yarinyar da gudunta ke farawa daga ƙofar gidansu a lokaci guda kullum ta fi bukatar a koya mata wa ya kamata ya ga wannan bayani.

Gwaji a filin makaranta

Malamin kimiyya ko na wasanni zai iya gwada ainihin wannan tunani ba tare da tabarau ba. Abin bukata shi ne agogo da usur da filin ƙwallo. A ranar farko kowane ɗalibi ya zagaya filin sau ɗaya shi kaɗai, a rubuta lokacin da ya wuce kowace kusurwa, a kuma ƙidaya bugun jijiyar wuyan hannunsa na daƙiƙa 15 da zarar ya tsaya, a ninka sau huɗu. Bayan hutun kwana biyu, ya sake zagayawa tare da abokin da ya fi shi sauri kaɗan. A karo na uku ya gudu shi kaɗai, amma malam ya riƙa busa usur a daidai lokutan da abokin nan ya wuce kowace kusurwa, yadda ɗalibin zai san ko yana gabansa ko yana bayansa. Rabin ajin a gaya musu lokacin wane ne ake busawa, sauran rabin a ce musu lissafi ne kawai.

Domin kada sabo da filin ya gurɓata sakamakon, a raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fara da wani mataki dabam, kuma kada a faɗa wa ɗalibai abin da ake tsammani sai an gama. A yi gwajin da safe kafin rana ta take, a tanadi ruwan sha, sa'an nan masu ciwon asma ko sikila ko wani ciwon zuciya a ba su aikin riƙe agogo da rubuta alƙaluma.